Tumaki da shanu nawa gonar kan tudu za ta iya ɗauka?

Sabon Makiyayi: Assalamu alaikum. Na gaji filin kiwo hekta 40 a kan tudu, akwai tumaki 60 da shanu 8 a ciki. Da aka yi ruwa na ga wurin ya yi kore shar, sai zuciyata ta raya mini in ƙaro tumaki 30. Waɗanda suka riga ni a harkar nan, yaya kuka yanke naku adadin?

Dattijon Gangare: Wa'alaikumus salam, ɗana. Koren nan da ka gani shi ya taɓa cuta ta. Shekarar da na ƙaro shanu 5, ciyawa ta kai mini gwiwa. Kafin wata huɗu ina lissafa haƙarƙarinsu daga nesa, na dawo ina sayen ingirici da kuɗin maruƙan da ba a ma haifa ba. Tun daga ranar ban sake ƙirga dabba a lokacin yalwa ba. Watan da ciyawa ta daina tsiro, shi nake tambaya nawa zai riƙe mini.

Mai Sikeli: Baba ya faɗi gaskiya, amma ni sai da na auna hankalina ya kwanta. An ce ido ba mudu ba ya san kima, to nawa idon dai bai sani ba. Na haɗa katako huɗu, mita ɗaya kowane gefe, na jefa shi a wurare goma, har da inda ƙasa ta yi sanƙo, don in mutum ya zaɓi wuri mai kyau kaɗai kansa ya yaudara. Na yanke abin da ke ciki da lauje, na shanya ya bushe ƙarau, na ɗora a sikeli. Tsaka-tsaki ya ba ni giram 200, wato kilo 2,000 a hekta. Rabi kawai nake sa wa a lissafi, rabin na saiwa ne da abin da kofato zai tattake.

Dabba tana cin busasshen abinci kusan kashi 2.5 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinta a rana. Saniya mai kilo 400 tana son kilo 10 kenan, 3,650 a shekara, hekta uku da rabi da ɗoriya. Tunkiya mai kilo 50 kuma kilo ɗaya da rabi, ka ga saniya guda ta tashi a tumaki shida ko bakwai. Malam, in ciyawarka irin tawa ce, shanunka 8 sun cinye hekta 29, tumakin kuma hekta 33. Ka riga ka zarce.

Uwar Garke: Ku gafarce ni, hekta 40 ɗin nan a takarda take. Ɗan'uwa, ka bi shanunka yini guda ka ga inda suke taka. Nawa ba sa hawa gangare mai tsini ko da ciyawa na kiransu, suna nan kwari kusa da mashaya, sun aske shi tas, can sama kuwa ciyawa ta tsufa ta zama kara. Tumaki ne ke hawa. Da na cire duwatsu da wuraren da suka yi wa ruwa nisa, kusan sulusin filina ya fita daga lissafi. Na kai gishirin lasa da kwamin ruwa can sama, suka fara hawa kaɗan, ba duka ba.

Kada kuma ka ce za ka sayar da shanun ka cika da tumaki. Saniya da harshe take naɗo doguwar ciyawa, har mai kaushi. Tunkiya tsinka take yi daga tushe, tana zaɓen mai taushi. Shekarar da na bar tumaki zalla, mai daɗin ta ƙare, mai kaushin ta mamaye, tsutsar ciki kuma ta addabi 'yan raguna.

Dattijon Gangare: Haka ne, 'yar'uwa. Ga kuma hanyoyin da kofato ke sarewa a jikin gangare. Nawa guda ya fara kamar zare, ruwa ya bi shi, yau kwazazzabo ne da ke shanye mutum har ƙugu.

Mai Sikeli: Na manta ban ce ba, tunkiya mai shayarwa tana cin kusan ninkin wadda ba ta da ɗa. Ni kafin barbara nake dafa bayan kowace tunkiya. In ƙashin baya ya soki tafina, ko haƙoranta sun zube, ba za ta kwana a lissafin baɗi ba.

Sabon Makiyayi: Allah ya saka da alheri. Na je neman ƙari na dawo da ragi. Gobe zan haɗa katakon, kuma zan bi shanun kamar yadda Yaya ta ce. Sai dai akwai wata tsohuwar saniya da mahaifina ya fi so, shekara biyu ba ta haihu ba. Baba, ita ma sai ta tafi?

Dattijon Gangare: Abincin tumaki bakwai take ci, ɗana. In za ka riƙe ta, ka san waɗanne bakwai za ka fitar.