Jinin mayanka da ƙashi: yaya kuke mayar da su abincin kaji da taki?

Mai kiwon kaji, Zariya:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Waken suya da garin kifi sun yi tsada, ga shi kullum jini na malala a kwatar mayanka. Waɗanda suka saba yin garin jini da na ƙashi, don Allah ku ba mu awo da matakai, da inda aikin ke ɓaci.

Mai haɗa abincin dabbobi, Kano:
Wa alaikumus salam Malam. Aikin jini aikin sammako ne. A tare shi a roba mai tsabta tun daga wuyan dabba, kada a kwaso na ƙasa da ya haɗu da kashi da ruwan wanki. Ya hau wuta kafin rana ta take, don in ya kai azahar a zafin nan ya fara wari, kuma dahuwa ba ta gyara shi.

A zuba a rabin duro, a yi ta juyawa da muciya kamar minti 20 bayan ya tafasa, har ya dunƙule ya koma kalar hanta dafaffiya. A juye a buhu, a ɗora dutse ruwan ya tsane, a marmasa shi, a shanya a tamfol, kaurinsa kada ya wuce yatsa ɗaya. Da hunturu kwana biyu zuwa uku ya isa. In ka murza ya watse kamar tsaki, ya bushe. In ya manne a hannu, da saura. Lita biyar na jini tana ba da kusan kilo ɗaya, kuma furotin ɗinsa ya kai kashi 80 cikin 100.

Inda aka fi yin asara shi ne wuta. In ta yi yawa sai ya ƙone ya yi baƙi ƙirin da ƙauri, laisin, wato sinadarin gina jiki da ake neman garin dominsa, ya lalace, kaji su ci a banza.

Mai kajin ƙwai, Katsina:
Gaskiya ne Alhaji. Sai dai a kula da awo: kada ya wuce kilo 3 a cikin kilo 100, wato giram 750 a buhu mai kilo 25. Da ya haura haka kaji kan rage ci, don ba ya musu daɗi, kuma shi kaɗai ba ya maye gurbin waken suya. Da damina ni na fi yarda da a kwaɓa jinin da dusar masara daidai wa daida kafin a shanya. Dusar na shanye laimar, ya fi saurin bushewa. Wanda ya yi fumfuna a zubar, kada a yi ƙyashi.

Mai niƙan ƙashi, Maraɗi:
Ƙashi a fara dafa shi sosai, kitse da ragowar nama su fita, in ba haka ba garin zai yi ɗoyi a buhu. Sannan a ƙona har ya yi fari fat ya riƙa karyewa a hannu. Wanda ya tsaya baƙi bai ƙonu ba, yana cinye haƙoran inji. Ƙonanne ba furotin a cikinsa, ƙwarin ƙashi da na ɓawon ƙwai yake bayarwa. Kilo 2 zuwa 3 a kilo 100 ya wadatar.

Likitan dabbobi, Minna:
Ku gafarce ni, akwai abin da ba a sassauci a kansa. Dabbar da ta mutu farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci ko dubura kuma bai daskare ba, kada a taɓa jininta, ƙashinta ko fatarta. Alamar ciwon saifa (anthrax) ke nan, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a Suleja a watan Yulin 2023, kuma tafasawar minti 20 ba abin dogaro ba ce a kan ƙwayarsa. A kira jami'an lafiyar dabbobi. Na biyu, kada a ba shanu da tumaki garin nama da ƙashi. Ta nan cutar haukan shanu ta yaɗu a Ingila har aka hana ba su shi a 1988. Gashin kaji kuwa, in ba a dafa shi a tukunyar matsi ba, kaza ba ta narkar da shi ko an niƙa.

Manomin lambu, Sakkwato:
Akwai masu ƙyamar ba kaji jini saboda najasa ne, kuma malamai sun yi magana a kan dabbar da ke cin najasa. Kowa ya tambayi malaminsa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya kai shi lambu. Garin jini na ɗauke da naitirojin, wato sinadarin taki, kusan kashi 12 cikin 100, alayyahu da latas suna sonsa. Tafin hannu ɗaya a kowace komi, a cakuɗa da ƙasa a ba ruwa, kada ya taɓa gindin shuka don yana ƙona ta. A rufe shi da kyau, in ya zauna a sama karnuka za su tone komin cikin dare.