Da kuɗi kaɗan: tsohuwar Land Cruiser ko ƙaramar jif mai lafiya?

Autan Zaure: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Aikina ya koma inda kwalta ba ta kai ba: rairayi da rani, taɓo da damina, ga wani rafi da ake tsallakewa. Kuɗin da na tara ba su taka kara sun karya ba. Motoci biyu na hannu ne suka zo daidai aljihuna. Ɗaya Land Cruiser ce samfurin 80 ta farkon shekarun 1990, mai shan fetur, wadda za ta lashe kuɗin ƙaf. Ɗayar Suzuki Jimny ce ta wajen 2005, in na saye ta zan rage kusan kashi ɗaya cikin uku. Wani ya ce mini mai ƙaramin ƙarfi ba shi da motar daji sai Land Cruiser, kome tsufanta, in saya in riƙa gyarawa a hankali. Haka ne?

Baba Direba: Wa alaikumus salam. Yaro, wanda ya faɗa maka haka ya so ka da alheri. Tun 1951 Toyota ke ƙera wannan mota, kuma samfurin 80 ɗin nan da aka yi daga 1990 zuwa 1997 yana cikin mafi ƙwari da suka taɓa fitarwa. Aksul ɗinta gaba da baya sanda guda ne, shasinta ƙarfe ne mai kauri, an yi ta ne don ta ɗauki kaya ta shiga inda ba hanya. Ka dubi ƙungiyoyin agaji da masu haƙar ma'adinai a duniya, me suke hawa? Ita ce, har yau samfurin 70 da aka fara a 1984 ba a daina ƙera shi ba. Kuma duk ranar da ka gaji da ita, akwai mai saye. Da tsohuwar zuma ake magani.

Malam Bakanike: Baba, Allah ya ƙara girma. Ban musa ingancinta ba, ni ma ina sonta. Amma Auta ba Land Cruiser ta 1992 zai saya ba kamar yadda ta fito daga masana'anta, zai sayi abin da shekaru talatin da hannun mutane suka bari ne. Kuma kowa ya san darajar motar nan. Idan ka ga wadda kuɗinta ya sauko har ya kai na ƙaramar jif, ka tambayi kanka me ya sa masu kuɗi a hannu suka tsallake ta. Mai ita ya san abin da ke jikinta kafin ya sa mata wannan farashi.

Baba Direba: Kome ke jikinta ana gyarawa. Aikinku ke nan.

Malam Bakanike: Ana gyarawa, da kuɗi. Nan ne maganar "a hankali" take rushewa. Mota mai nauyin sama da tan biyu kome nata babba ne: taya, birki, kuloci, batir, shokozoba, har yawan baƙin man da take sha a juye ɗaya. Wanda ya zuba kuɗinsa duka ranar saye, da me zai sayi tayoyi huɗu idan na jikinta sun mutu? Kuma gyaran motar daji ba ya jira. Za ka iya tafiya da fasasshiyar kujera shekara guda, amma ba za ka iya tafiya da lagireto mai yoyo ba, don ranar da inji ya yi zafi a cikin rairayi, gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe, an gama. Ina ganin irin waɗannan motoci a gareji, an ɗora su a kan duwatsu, mai su yana zuwa yana dubawa yana tafiya, ga mota ga suna amma ba ta kai shi ko'ina.

Hajiya Mai Kaya: Ni ta fuskar lissafi zan shigo, don ina da motocin da ke kai kaya ƙauyuka, ni ke biyan mai da gyara. Ɗana, injin fetur na samfurin 80 na farkon shekarun nan lita 4 ne ko 4.5, na Jimny lita 1.3. Tankin babbar lita 95, na ƙaramar lita 40. A hanya ɗaya babbar za ta sha ninki biyu na ƙaramar, in ma ba ta wuce ba. Kuɗin saye sau ɗaya ake biya, kuɗin mai kullum ne. Ka zauna ka ƙirga kilomitan da za ka riƙa yi a wata, ka ga ko albashinka zai ɗauka.

Baba Direba: Hajiya, ai da ya samu mai injin gas, 1HZ ɗin nan mai lita 4.2 da silinda shida, da maganar mai ta yi sauƙi. Ba shi da turbo, ba shi da kwamfuta, ba ya gudu amma ba ya mutuwa.

Hajiya Mai Kaya: Gaskiya ne Baba, shi ya sa mai wannan injin ba ya sayar da ita da araha. Wadda ke gaban yaron nan mai fetur ce. Mu yi magana a kan abin da ke gabansa.

Yaya Injiniya: Ku ba ni dama in ja wa ɓangarorin biyu birki. Malam Bakanike, kana magana kamar Jimny ba ta da aibu. A daji dai ba a raina ta, tun 1970 ake yin ta, tana da shasi daban da bodi, aksul sanda gaba da baya, da giyar ƙarfi ta hawan tudu, kuma nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, saboda haka tana tafiya a kan rairayin da babbar mota ke nutsewa. In ta kafe ma mutum uku sun ture ta. Amma gajera ce, siririya, ga tsayi. A kan kwalta da gudu ba ta da natsuwar babbar mota, iska na kaɗa ta. Yayarta Samurai ta sha suka a Amurka a 1988, lokacin da mujallar Consumer Reports ta ce tana saurin kifewa a kwana, har kamfanin ya kai ƙara kotu daga baya. Sannan in mutum huɗu suka zauna a ciki, wurin kaya ya ƙare. Auta, ba ka gaya mana ba: kai kaɗai za ka riƙa tafiya ko da mutane da kaya?

Autan Zaure: Yawanci ni da abokin aiki ɗaya, da akwatin kayan awo. Iyali sai jefi-jefi. Kwalta kaɗan ce a tafiyar, sauran duk turɓaya.

Yaya Injiniya: To wannan ya sauya magana. Da buhuna za ka riƙa lodawa ko tirela za ka ja, da na ce ka manta da ita.

Baba Direba: Rafin fa? Kun manta da rafin. Ranar da ruwa ya cika, abin da ba shi da nauyi shi ruwa ke fara ɗauka.

Malam Bakanike: Wannan kam Baba ya yi gaskiya, ba zan ja ba. Mota marar nauyi tana saurin tasowa a ruwa mai gudu, kuma maƙogwaron iskarta ya fi kusa da ƙasa. Sai dai ruwan da ya kai ya ɗauki Jimny, ba ruwan da mai hankali zai shiga da Land Cruiser ba ne. Injin da ya shaƙi ruwa, ko na waye, fistin zai daki abin da ba ya matsuwa, sandarsa ta lanƙwashe. A irin wannan rana jira ake yi.

Auta, ka bar sunan da ke rubuce a gaban mota tukuna, ka saurare ni, don abin da zan faɗa ya shafi duka biyun. Ka je da safe kafin a tayar da ita, ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar da sanyi. Dillalin da ya riga ya ɗumama mota kafin ka iso, akwai abin da ba ya son ka ji ko ka gani. Ka tsaya a bayan salansa lokacin da aka tayar: shuɗin hayaƙi baƙin mai take ƙonawa, farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga inji. Bayan haka ka sa a ɗaga ta ko a hau da ita rami, ka shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma. Ka bi shasi daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, wanda tsatsa ta ci daga ciki sai ka ji shi luƙus, wani wurin ma gudumar ta shige. Ka duba wuraren da sifirin da shokozoba suka kama shasi, da bayan tayoyin baya inda laka ke maƙalewa ta riƙe danshi. In ka ga sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota, ka kankare shi ka ga abin da aka rufe. In ka ga walda a tsakiyar shasi, ka yi sallama ka tafi. Inji ana sauke shi a ɗora wani, giya ma haka, amma shasi shi ne motar.

Baba Direba: Toyota ba ta tsatsa irin wannan.

Yaya Injiniya: Baba, da girmanka, tana yi. A 2016 Toyota ta amince da sulhun da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 3.4 a Amurka saboda tsatsar shasi a Tacoma da Tundra da Sequoia. Ba Land Cruiser ba ce, na yarda, amma ya nuna ƙarfe ƙarfe ne. Duk motar da ta yi rayuwa a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, ko a bakin teku, abin tuhuma ce. Jimny ma tana ruɓewa, musamman ƙasan but da wajen fitilun gaba.

Malam Bakanike: Sai abu na biyu da mutane ke mantawa, alhali dominsa ake sayen motar: a gwada ko ƙafafu huɗun suna ja da gaske. Fitilar da ke kamawa a gaban direba ba shaida ba ce. Ka kai ta kan turɓaya, ka sa giyar ƙarfi, ka hau tudu, wani ya tsaya a waje ya ga tayoyin gaba suna haƙa ƙasa. A Jimny ta wajen 2005, iskar da inji ke zuƙa ce take kama ƙafafun gaba, in tiyon ya tsage sai ka ga fitila tana ƙyaftawa, baya kaɗai ke ja. Gyara ne mai sauƙi, amma ka sani kafin ka biya. Na taɓa duba wata jif da aka cire mata farfelar gaba ɗungurungum don a ɓoye ƙarar da aksul ke yi, mai saye bai leƙa ƙasa ba. Ka kuma sa a kwance murfin man aksul da na akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya. In man ya yi fari-fari, ruwa ya shiga, an tsallaka rafi da ita ba a juye ba. A samfurin 80 ka dubi ƙwallon da ke bayan kowace tayar gaba, in giris da mai sun haɗu suna tsiyaya, aiki na jiranka. A Jimny ka yi gudu matsakaici a kan kwalta, in sitiyari ya kama karkarwa bayan ka taka gargada, boris ɗin ƙafar gaba sun gaji. Kuma kada ka bar ta a ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, ba a yi ta don haka ba, za ka ɗaure mata farfela.

Hajiya Mai Kaya: Ka ƙara da taya. A gefen kowace akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Taya mai zane mai kyau amma ta shekara goma, ka sa kuɗin sabuwa a lissafin ciniki. Ni ƙa'idata ita ce ba na kashe sama da kashi biyu cikin uku na abin da ke hannuna wajen saye. Sauran na juye duk mayuka, birki, bel, batir da abin da zai ɓullo a watannin farko, don sai ya ɓullo.

Yaya Injiniya: Ni abin da ban gane ba, me ya sa zaɓin ya tsaya a biyu? Akwai Pajero, wadda Mitsubishi ta yi daga 1982 har 2021, akwai Nissan Patrol, akwai Isuzu Trooper, akwai Jeep Cherokee ta 1984 zuwa 2001 mai injin lita 4. Yawancinsu ba a ɗora musu kuɗin suna kamar Land Cruiser ba. Abin gudu shi ne manyan jif na alfarma da suka tsufa, masu balan-balan ɗin iska a madadin sifirin da na'urori birjik. Su ne suka fi araha a ido, su ne kuma suka fi cin mai su.

Malam Bakanike: Na yarda, da sharaɗi ɗaya: ya zagaya shagunan kayan gyara da ke kusa da shi ya tambayi famfon ruwa, kuloci da boris na motar da yake so. Wadda aka ce sai an yi odarsu daga nesa, ba tasa ba ce.

Baba Direba: A wannan ma Land Cruiser ce a gaba, kayanta har a ƙauye ana samu. Ni dai ban sauka daga ra'ayina ba. In ana son mota ta shekara ashirin, babbar ce. Amma na ji maganar shasi, ya je ya duba. In shasinta lafiya, injinta bai hayaƙi, yaro ka ƙara haƙuri ka tara kuɗin gyara ka ɗauke ta, irinta ba ta zama a kasuwa.

Autan Zaure: Baba, damina ta kusa, aikin ba zai jira in tara ba. Na gode muku duka. Ranar Asabar zan je in ga duka biyun da sassafe, zan kuma leƙa wata Pajero da aka yi mini kwatance. Malam, in mai motar ya ƙi yarda a ɗaga ta fa?

Malam Bakanike: Ka ce kai za ka biya kuɗin ramin da na bakaniken da ka zo da shi, ba nasa ba. In ya ƙi duk da haka, kada ka tsaya ciniki. Ka ɗauko mini hoton shasin kowace daga ƙasa, gaba da baya, da na murfin baƙin mai ta ciki, ka turo nan mu gani kafin ka ba da ko kafin alƙalami.