Maus ya rikice bayan an sa Linux Mint: zauren masu kwamfuta na Zariya

Rukayya Kongo: Assalamu alaikum. Ƴan uwa ku taimaka. Laftof ɗina ba ta ɗaukar Windows 11, shi ne yayana ya sa min Linux Mint, wata manhajar tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, tun da an daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025. Komai lafiya, sai gungura shafi. A tocfad, wajen da ake shafawa da yatsa a jikin laftof, in na ja yatsu ƙasa sai shafin ya yi sama. Maus ɗin waje kuma tsalle yake yi, ina cikin karatu sai in ga na koma shafin baya.

Injiniya Bala PZ: Wa alaikumus salam ƙanwata. Matsala biyu kika haɗa, kuma kowace hanyarta daban. Ta tocfad saiti ne kawai. Shiga System Settings, sai Mouse and Touchpad, ki buɗe ɓangaren Touchpad. Akwai "Reverse scrolling direction", in a kunne yake ki kashe, in a kashe yake ki kunna. A nan ne kuma za ki zaɓi gungurawa da yatsu biyu ko ta gefen tocfad.

Rukayya Kongo: Kai, ya daidaita! Na gode Injiniya.

Auwal Samaru: Na waje kuma ki sa manhajar imwheel, yana gyara saurin tayar maus.

Injiniya Bala PZ: A'a Auwal, dakata tukuna. imwheel yawan layukan da taya ke ja yake ƙarawa, ba ya hana tsalle. Kuma a X11 yake aiki, wato tsohon tsarin da Linux ke nuna abubuwa a allo da shi. Mint mai fuskar Cinnamon a kan X11 take, to zai yi, amma masu Ubuntu ta yanzu da ke kan sabon tsarin, Wayland, kada su wahalar da kansu.

Auwal Samaru: Gaskiya ne yallaɓai, ban lura tsalle ta ce ba.

Malam Isyaku Sabon Gari: Ni da nake gyara a shago, daga an shiga hunturu irin wannan ƙorafin nake sha. Rukayya, kafin ki taɓa wani saiti, ki jona maus ɗin a wata kwamfutar. In ya yi tsalle a can ma, babu ruwan Linux. A jikin tayar akwai ɗan ƙaramin abu mai ƙirga juyinta, ƙurar Zariya ta shiga cikinsa sai ya riƙa lissafi baibai, kina yin ƙasa yana aika sama. Mutane suna ɗora wa sabon tsarin laifi ne don lokacin ya zo daidai. Ki kife shi, ki hura iska ta wajen tayar kina murza ta gaba da baya da sauri. In bai yi ba, a buɗe a ɗiga sifirit kaɗan, a bari ya bushe. Ban da man keken ɗinki don Allah, ana kawo min su jiƙe sharkaf.

Maman Hanan: Malam Isyaku har da man keke? 😂

Injiniya Bala PZ: Tambaya ɗaya kuma: an bar Windows a gefe, ko an goge ta gaba ɗaya? Wasu maus marasa waya, in aka fito daga Windows aka shiga Linux kai tsaye, sukan riƙe saitin can su yi ta gudu. Maganin shi ne a zare ɗan risibar USB ɗin a mayar.

Rukayya Kongo: An goge ta duka. Kuma nawa mai waya ne. Na gwada a laftof ɗin ƙawata a hostel, Windows ce, can ma yana tsalle.

Malam Isyaku Sabon Gari: To ƙura ce, ko kuma abin ya cinye.

Maman Hanan: In Firefox ce kawai ke miki jinkiri wajen gungurawa daga baya, rubuta about:config a wajen adireshi, ki nemo mousewheel.default.delta_multiplier_y. Asalinsa 100 ne, ni 200 na mayar da nawa.

Rukayya Kongo: Na hura, ya ragu sosai amma bai daina ba. Malam, zan kawo shi shago ranar Asabar in sha Allahu.

Malam Isyaku Sabon Gari: Ki zo bayan Azahar, da safe ina Tudun Wada.