Gyaran kuskuren rubutu a cikin kod, ya cancanci in tura PR (pull request, wato buƙatar a karɓi gyarana)?

sabon_shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karanta kod ɗin wata manhaja a GitHub da nake so in fara ba da gudummawa a cikinta, sai na ga sun rubuta "recieve" maimakon "receive" a wurare da yawa, wasu a kwament (bayanin da ake rubuta wa mai karanta kod) wasu kuma a saƙon da ke fito wa mutum in an samu matsala. In gyara in tura musu ko za su ga ɓata musu lokaci nake?

malam_linux: Wa alaikumus salam. Tura abinka ɗan uwa amma ka raba aikin biyu. Na kwament ba ruwan kwamfuta da su, gyara kawai. Na saƙonni ne ke son a bi a hankali, domin in da gettext (tsarin fassara saƙonnin manhaja) suke fassara, ainihin jimlar Turancin ce makullin da ake nemo fassarar da shi, harafi ɗaya ka canza sai msgmerge, mai sabunta fayilolin fassara, ya sa wa fassarar alamar fuzzy (wato tana buƙatar dubawa), shi ke nan mai amfani da Hausa ko Larabci ya koma ganin Turanci har sai mai fassara ya zo ya duba. Kuma wasu gwaje-gwajen kod ɗin, jimlar suke nema harafi da harafi, to ka yi grep (binciken kalma a cikin fayiloli) tukuna ka ga ina da ina ta fito.

hajiya_python: Ƙari a kan na malam, kar ka wahalar da idonka, saka codespell, mai gano kuskuren rubutu, zai fito maka da su layi-layi. Amma don Allah kar ka sa masa -w ya gyara da kansa ba ka karanta ba, kuma ka ce ya tsallake fayilolin fassara na .po. Aikin nan ba abin rainawa ba ne wallahi, hatta Linux suna da spelling.txt, jerin kurakuran rubutu da checkpatch (mai duba gyaran da ake tura musu) ke amfani da shi.

abu_server: Ni dai abin da zan roƙa, ka haɗa na kwament duka a PR ɗaya. Tun Hacktoberfest (shirin ba da kyauta ga masu tura PR a watan Oktoba) na 2020 da mutane suka cika wa masu kula da manhajoji akwati da gyaran kalma ɗai-ɗai saboda rigar kyauta, wasunsu da sun ga irin wannan ransu ke ɓaci, kuma ba laifinsu ba ne, kyauta suke aikin.

sabon_shiga: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai kuma wani function sunansa recieve_data, shi ma in haɗa?

malam_linux: A'a, wannan kam bar shi. Wasu na kiransa da wannan sunan a kod ɗinsu, kana canzawa nasu ya karye. Dubi kalmar Referer a ƙa'idar yanar gizo ta HTTP, "r" ɗaya ya ɓace tun a takardar ƙa'idar, RFC 1945 ta shekarar 1996, kuma har yau haka kowa ke rubuta shi, haka creat na Unix da ya rasa "e". Buɗe issue (rahoton matsala) ka gaya musu, in sun yarda su za su ƙara sabon suna su bar tsohon na ɗan lokaci kafin su cire.