Na ga sheƙar ungulu, in faɗi wurin ko in ɓoye?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallon tsuntsaye. Shawararku nake nema, don abin ya tsaya mini a rai.

Makon jiya, a wani ƙauye da ke gefen fadamar Hadeja da Nguru, na ga ungulu tana kwanci a kan wata doguwar bishiya. Rabon da in ga sheƙar ungulu har na manta. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sa wannan nau'in cikin masu dab da ƙarewa, ga shi ƙwai ɗaya tak take yi a sheƙa.

Na saba saka duk abin da na gani a eBird, wato shafin intanet da masu kallon tsuntsaye ke saka abin da suka gani, da hoto da ainihin wurin a taswira. Wannan karon hannuna ya ƙi. Kowa ya san ana farautar ungulu ana kai kanta da ƙwanta kasuwa wajen masu haɗa magani, kuma mafarautan ma suna da waya, za su iya ganin wurin in na saka. Amma in na yi shiru, masu bincike ba za su san tana nan ba balle a kare bishiyar daga masu sara.

Shin sunan ƙaramar hukuma kaɗai ya wadatar? Ko in jira sai ɗan ya tashi sannan in saka? Hoton ma yana nuna wani masallaci a bayansa, in yanke shi ne? Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi.