Wai Kotun Ƙolin Amurka ta haramta ƙera bindiga a gida?

Malam Sani: Jama'a, an ce tun hukuncin 26 ga Maris 2025, duk wanda ya haɗa bindiga a gidansa a Amurka ya taka doka. Ni kam na gaskata. Alƙalai 7 cikin 9 ne fa suka mara wa ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, baya.

Barista Hauwa: Malam, an yi maka ƙarin gishiri. Ƙa'idar da ATF ta fitar a 2022 'yan kasuwa ta shafa. Mai sayar da kwalin sassan bindiga sai ya yanki lasisi, ya buga lamba a jiki, ya binciki tarihin mai saye. Wanda ya ƙera tasa don kansa, muddin ba a haramta masa riƙe makami ba, dokar tarayya ba ta hana shi ba. Wasu jihohi kam sun tsananta.

Idi Kanikanci: Ko hakan ma ATF ta wuce gona da iri. Yin doka aikin majalisa ne. Dokar bindigogi ta 1968 da ATF ta dogara da ita makami ta ambata, yaushe gungumen robar da ba a huda ba ya zama makami? Alƙali Alito ma ya tambaya: in aka jera ƙwai da albasa da tattasai a tebur, an soya ke nan?

Barista Hauwa: Idi, dokar da kanta ta haɗa da abin da za a iya mayarwa bindiga cikin sauƙi. Kwalin kamfanin Polymer80 da Alƙali Gorsuch, wanda ya rubuta hukuncin, ya buga misali da shi, cikin minti 21 aka harhaɗa shi. Wannan ƙwan ai yana cikin kasko. Kuma kotun ba ta ce kowane kwali ba.

Malam Sani: Bindigogi marasa lambar da aka kai wa ATF bincike, kusan 1,600 ne a 2017, a 2021 sun haura 19,000. A zuba ido?

Idi Kanikanci: Allah gafarta Malam, yawan ɓarna ba ya ƙara wa hukuma iko. Bayan harin Las Vegas na 2017 ATF ta haramta na'urar da ke ƙara saurin harbi, a 2024 kotun nan ta soke, 6 da 3.

Barista Hauwa: Nan ka yi gaskiya. A can kalmomin doka ba su kai inda hukumar ta ja su ba.

Malam Sani: To wanda ya buga tasa da firintar 3D, na'urar nan mai ƙera abu da roba, a ɗakinsa fa?

Barista Hauwa: Bai sayi kwali a hannun kowa ba, Malam. Wa ATF za ta ce ya yanki lasisi?