Ƙuncin rai kafin al'ada: me hoton ƙwaƙwalwa ya nuna?

Ungozoma, Birni: Salamu alaikum. Muna ganin mata da kuka, fushi da rashin barci mako guda kafin al'ada, jini na zuwa su warware kamar ba su ba. A gida a ce iska ce, ko kishi. Lokotoro, me ke faruwa a kansu?

Likitan mata: Wa alaikumus salam, Hajiya. Cuta ce sananniya, ana kiranta PMDD, wato matsanancin ƙuncin rai kafin al'ada, ta shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 2013. In an auna jininsu, sinadaran da ke tafiyar da al'ada, estirojin da purojestaron, daidai suke da na kowace mace. Ƙwaƙwalwar ce ba ta jure hawa da saukarsu. A wani gwaji a 1998 an dakatar da aikin ƙwan mace da allura, ciwon ya lafa. Da aka mayar da estirojin ko purojestaron ya dawo, amma ga masu cutar kaɗai.

Sai hoto. A Upsala ta Suwidin, na'urar IRM mai ɗaukar hoton cikin jiki ta nuna amigdala, wani ɗan ƙulli can cikin kai da ke kula da tsoro da fushi, tana saurin harzuƙa a waɗannan kwanaki. A Laifzig ta Jamus, 2023, wani irin hoton ƙwaƙwalwa mai suna PET ya nuna abin da ke kwashe serotonin, sinadarin da ke kwantar da rai, yana ƙaruwa daf da al'ada, sai sinadarin ya yi ƙaranci. Ba mugun hali ba ne, a gaya wa mazajensu.

Malamin jinya, Zango: Gaskiya ne, Lokotoro, amma kada a tura kowa Yamai ɗaukar hoto. Na bincike ne, ba ya tabbatar da cutar ga mace ɗaya. Kalanda ke tabbatarwa: kullum da dare ta sa alama, wata biyu cur. Wadda ba ta karatu ta jefa wake a gwangwani ranar ƙunci, gero ranar sauƙi, ta kawo tare da lissafin kwanakin da ba ta salla. In ƙuncin bai ɗauke ba bayan ta yi wanka, a nemi wani dalili: ciwon damuwa, ƙarancin jini ko maƙoƙo.

Mai farmasi, Sabon Gari: Maganin shi ne fluoxetine miligiram 20, ko sertraline daga 50, da takardar likita. Ana iya sha kullum, ko daga rana ta 14 da fara al'ada zuwa ganin jini na gaba, don a wannan cuta cikin kwanaki yake aiki. Inda ake kuskure, tashin zuciyar makon farko ya sa ta daina. Ta sha bayan kunun safe. A tambaya kuma ko ta taɓa kwanaki ba barci, ga zumuɗi da yawan magana, don maganin na iya tayar da wannan.

Ungozoma, Birni: Allah ya saka. Ƙari ɗaya, ƴan'uwa: wadda ta ce gara ta mutu, kada a jira kalanda. A kai ta likita ranar, tare da wani nata.